Alhaji Bukar da Kifin da Ke Barci a Rigingine

Duk wanda ya taɓa sayen ɗanyen kifi a hannun Alhaji Bukar a bakin kogin Gashuwa ya san ba wurin zuwa da gaggawa ba ne. Kifi in dai da sauran rai a jikinsa, ba ya shiga ƙwaryar mai saye sai Alhaji ya tsugunna a bakin ruwa, ya juya shi rigingine a tafin hannu, ya sa babban yatsa yana shafa masa hanci a hankali, ya ƙura masa ido kamar mai jiran amsar sallama. Kifin ya yi ta fizge-fizge yana watsa masa ruwa a gemu. Can sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ma ba shi ba ne," sannan ya miƙa maka abinka. In ka ce, "Alhaji, tukunya fa na kan wuta," sai ya ce, "Tukunya ba ta da ƙafa, za ka same ta inda ka bar ta."

Ni fataucin banda ne ya haɗa ni da shi. Iyayena Kanawa ne, jirgin ƙasa ya kawo mu Nguru, ni kuma nakan kora jakuna zuwa Gashuwa in sayo kifi in kai tasha. Shi Bukar, ni Garba, duk Abubakar ke nan, don haka da Takwara muke kiran juna. A zaurensa nake sauka, tuwon matarsa Ya Kaltume nake ci. Ita kuwa tunda sunan mijinta gare ni, ba ta taɓa kama sunana ba, Mai-suna take ce mini. Saboda haka abin da zan faɗa muku yawancinsa a gabana aka yi shi.

Ga asalin shafar nan. Yana saurayi ya tafi Makka a ƙasa, irin tafiyar wancan zamani, a yi tafiya, a tsaya a yi ƙwadago, a ƙara gaba. Da ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya guzuri ya ƙare, sai ya koma sana'ar gado, ya shiga yi wa masuntan teku aiki har ya samu na haye ruwa. Bai dawo gida ba sai bayan da layin dogo ya iso Nguru. Alhazai kan dawo da zamzam da dabino da labarin hawan Arfa. Shi ma ya kawo su, amma ya haɗo da labarin wani kifi.

"Ƙirshi suke ce masa," in ji shi, ranar da masunta suka taru yi masa barka da sauka. "Manyan har mutum suke ci, ni ban yi hulɗa da su ba. Ƙananan nake gaya muku, waɗanda ba su fi kamu ɗaya da rabi ba. Bakinsa a ƙarƙashi yake, jikinsa ba ɓawo. In ka shafa daga kai zuwa wutsiya, sumul. In ka dawo da hannu baya, sai ka ji kamar dutsen wasa wuƙa, har fata yake ɗayewa. Kama shi ta wutsiya, ya naɗo ya cije ka. Amma juya shi rigingine cikin ruwa ka shafa masa hanci, sai ya saki jiki ya yi luf. Ba mutuwa ya yi ba, kana gani yana numfashi. Mayar da shi rubda-ciki, ya yi firgigit ya wuce abinsa."

Mutanen nan cikin ruwa aka haife su, ba wanda ya taɓa ganin kifin da hannun mutum ke kwantar wa da hankali. Sai Modu Gana, taubashinsa, wanda bakinsa ya fi komarsa kamu, ya gyara zama ya ce, "To Alhaji, da ya yi barcin, minshari yake yi, ko da Larabci yake mafarki?"

Aka bushe da dariya. Kafin sati ya zagayo har yara sun san shi da Alhaji Shafa.

Da abin ya tsaya a wasan taubasai da ba komai. Sai wata shekara, ranar duban watan azumi, yana su a kan gorarsa a tsakiyar ruwa dab da magariba, ya hango jinjirin wata siriri kafin gajimare ya rufe shi. Ya fito ya nufi gidan liman da jiƙaƙƙen wando. Ya tarar wani Bafulatani ya riga ya ba da shaida, ana jiran na biyu. Ya faɗi abin da ya gani, da gefen da watan ya karkata. Sai wani dattijo ya sunkuya ya ce ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji, "Allah gafarta Malam, wannan fa shi ne mai kifin da ke barci." Liman mutum ne mai kunya, bai ce masa ƙarya yake ba. Cewa ya yi, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Bari mu ɗan saurara ko wani zai zo." Ba wanda ya zo. Washegari Alhaji ya tashi da azumi, gari kuwa ana ta shan kunu. Kafin la'asar wani direba ya iso daga Nguru da labarin an bugo waya ta tasha, wata ya tsaya. Kowa ya kame baki, kowa da ramuwar kwana guda a wuyansa. Ba wanda ya taka ya ba Alhaji haƙuri. Modu Gana ma cewa ya yi tsintar guru a suɗi ce.

Bayan ƙaramar salla na same shi a zaure yana ɗinkin koma. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Takwara, mutumin da ba a karɓar shaidarsa, gawa ne mai cin tuwo."

Na ce, "To ka bar maganar kifin mana. Ka ce wasa kake, a wuce wurin."

"In ce ƙarya na yi don a ce ni mai gaskiya ne?" Ya ja zare ya ƙulle. "Wanda ya halicci kifin Sawakin shi ya halicci na kogin nan. A cikin ruwan nan akwai wanda zai tsaya mini shaida. Zan bi su in tambaya ɗaya bayan ɗaya."

Kuma ya bi su ɗin.

Da kurungu ya fara. Kurungu kuwa kun san halinsa, kana taɓa shi zai miƙe ƙayoyi ya hau gurnani kamar tsohon ƙyaure. Alhaji ya juya shi, ya kai yatsa hanci, ƙaya ta shige masa tafin hannun dama. Hannu ya kumbura suntum. Modu Gana ya zo dubiya, ya ce, "Kai ma dai Alhaji, kurungu da ma rabin rayuwarsa a rigingine yake iyo. In kana so ya yi barci sai dai ka kifa shi." Kowa ya san zolaya ce. Alhaji kuwa ya ɗauke ta da gaske, ya ce, "Modu, tunda aka haife ka yau ka fara magana mai hankali." Washegari ya koma ya kifa wani kurungun da hannun hagu. Da na zo na tarar hannu biyu a naɗe da tsumma, yana ɗaukar ludayin kunu da tsintsiyar hannu. Na ce, "Takwara, me kurungu ya ce?" Ya ce, "Ya ce bai taɓa zuwa Sawakin ba."

Talibamban kuwa yana shafa shi ya haɗiyi iska ya kumbura ya zama kamar ɗan tulu. Alhaji ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya rasa ma ina ne cikin ina ne bayan. Ya ce, "Wannan amsa ce, amma ba ta tambayata ba ce."

Ta minjirya ce har yau tsofaffin Gashuwa ke ba jikokinsu. Minjirya ba a taɓa ta da hannu, jariri ma a bakin kogi ya san wannan, don tana da wani abu a jiki da in ta sakar maka sai ka ji har cikin haƙori. Wata rana wata ƙatuwa ta shiga komar Modu Gana, aka juye ta cikin masaki da ruwa, mutane suka ja baya. Sai ga Alhaji yana naɗe hannun riga.

Na ce, "Takwara, ka ji tsoron Allah. Wannan ai an san amsarta tun kaka da kakanni."

Ya ce, "In ka tsallake gida ɗaya ba ka gaida unguwa ba."

Ya yi bisimilla, ya tsoma hannu biyu. Ni dai ban ga ko ya kai ga juya ta ba. Abin da na gani shi ne hula a gabas, Alhaji a yamma, kwance a kan rairayi, ƙafafu a miƙe, ido a buɗe, ba ya ko motsi. Muka ruga. Modu Gana ya riga kowa, ya kara kunne a ƙirjinsa, da ya ji zuciya na bugawa sai ya miƙe ya dubi jama'a ya ce, "To, yau kam Alhaji ya yi gaskiya. An shafa, an kwanta rigingine, an yi luf. Saɓanin da aka samu kawai wajen wanda zai kwanta ne."

Aka yayyafa masa ruwa ya tashi zaune, yana tattauna baki. Ya jawo ni kusa ya ce, "Takwara, ka gani? Ita ma ta san aikin."

Abin ya fara ba ni tausayi, sai na ce bari in taimaka. A Nguru na sha ganin yara suna kwantar da kaza rigingine, su ɗan danne ta su shafa mata wuya, ta yi shiru kamar matacciya har sai an tafa hannu. Na sayi wata baƙar kaza mai ƙiba, na ɗaura ta a kan jaki har Gashuwa. A zaurensa na kwantar da ita, na shafa, ta yi luf, ƙafafu a sama. Na ce, "Ga shaidarka. Mu kai ta bakin kogi a tara mutane. In kaza za ta yi, me zai hana kifi?"

Ya dubi kaza, ya dube ni. Ya ce, "Takwara, ni kaza na ce?"

"Ai duk rai ne."

"A kan kaza aka ƙi shaidata?"

"A'a, amma…"

"To ba na aron shaida. Wanda ya ce ya ga raƙumi ba ya kawo akuya ya ce a ƙaddara." Na fara kwance igiyar ƙafarta ina shirin mayar da ita kan jaki, raina a ɓace. Sai ya ɗaga murya ta kan zana ya ce, "Kaltume, ɗora ruwan zafi, Takwara ya kawo mana kaza."

Ai kun san shi da tattali. Komarsa ƙulli ya fi raga yawa, ya ce sabuwa ba ta san hanyar kifi ba. Kan kifi ba ya zubarwa, ƙaya ma sai ya tsotse ta tas kafin kyanwa ta samu. Tun yana yaro, in ji shi, kifin da ya shiga hannunsa bai taɓa komawa ruwa ba. Na faɗi wannan ne don ku san nauyin abin da ya yi ranar tarwada.

Lokacin gemunsa ya yi fari fat. Rani ne, kogi ya janye ya bar ruwa a kwaruruka, aka sa ranar su na gayya. Tun safe ake ta kai da kawo, Alhaji bai kama ko ɗan tsando ba, sai dab da tashi wata tarwada mai kaurin damtse ta faɗo komarsa. Ya ja ta gefe inda ruwa bai wuce ƙwauri ba, ya tallafe ta, ya juya ta kamar yadda ya saba. Ta yi bugu ɗaya, ta yi na biyu. Sai ta saki jiki.

Ina tsaye a gaɓa na ji ya kira ni da wata irin murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada jariri. "Takwara, zo. Kada ka yi gudu."

Na je. Ga ta nan kwance a hannunsa, farin ciki a sama, gashin bakinta na lilo cikin ruwa, tana buɗe baki tana rufewa a hankali. Mutane suka fara taruwa har suka yi da'ira. Modu Gana ya kutso ya leƙa.

"Ta mutu," in ji shi.

"Dubi bakinta."

"To suma ta yi. Ka matse ta ne a koma."

Hanya ɗaya ce ta rage, kowa ya san ta. Sai an mayar da ita rubda-ciki an sake ta, a ga ko lafiyarta lau. Na ga Alhaji ya dubi gorarsa da ba komai a ciki, ya dubi tarwada. Sannan ya juya ta ya buɗe hannu. Ta yi firgigit, ta watsa mana laka, ta ɓace.

Na ga fuskokin mutane sun fara sauyawa, wani ma har ya ce ikon Allah. Sai Modu Gana ya yi tari ya ce, "To, kifi ya kuɓuce wa tsoho. Yau aka fara?" Dariya ta ɓarke, da'ira ta watse, kowa ya koma kan komarsa. Abin da aka tara shekara da shekaru ana jira ya wuce ke nan.

Da muka isa gida Ya Kaltume ta leƙo ta ce, "Ina kifin?"

Ya ce, "Ya tafi. Amma ya yi shaida kafin ya tafi."

Ta ce, "To madalla. Sai a miƙo shaidar in zuba a kan tuwo."

Miyar kuka lami muka sha ranar, kuma ban taɓa ganin ya ci tuwo da daɗi haka ba. Sai dai bayan wannan ya juya tarwada ba adadi, ba wadda ta sake yi masa. Masu cewa sa'a ce suka ce, masu cewa wani asiri ya shafa a hannu suka ce. Liman ya riga ya rasu, wanda ya gaje shi bai ma san an yi ba.

Bai daɗe ba bayan wannan zazzaɓi ya kwantar da shi, ya cika da damina. A wajen zaman makoki na ji ana cewa, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, in ban da dai labarin kifin nan." Wannan "in ban da" ɗin ta tsaya mini a rai, na rasa yadda zan yi da ita.

Da Allah ya nufe ni da tafiya Makka, mu a mota muka tafi, sannan jirgin ƙasa, aka tsare mu a Sawakin muna jiran jirgin ruwa. Abokan tafiya suna ta bitar yadda ake ɗawafi, ni na zare jiki na nufi wajen masunta. Larabcina bai wuce na salla ba. Na samu wani tsoho yana warware ƙugiya, na ce masa "ƙirshi", na nuna tsawon hannuna, na juya tafina sama. Ya yi dariya, ya yafito ni. Cikin wani rami da ruwan teku ya bari a bakin gaɓa akwai ɗan ƙarami da suka kamo, toka-toka, bakinsa a ƙarƙashi. Na shafa daga kai zuwa wutsiya, sumul. Na dawo da hannu, ya kankare mini yatsa. Tsohon ya kama shi ya nuna mini yadda ake riƙewa, ya miƙo mini. Na juya shi rigingine, na sa babban yatsa a hancinsa.

Ya yi luf. Yana numfashi a hankali a tafin hannuna.

Ina tsaye cikin ruwan gishiri har gwiwa, da gemuna da komai, sai ga hawaye. Tsohon ya ɗauka kifin ne ya cije ni, ya kama hannuna yana dubawa.

Da na dawo ban kwana biyu a Nguru ba na wuce Gashuwa. Na tara masunta a bakin kogi na faɗa musu tiryan-tiryan, na nuna musu yatsan. Modu Gana ya tsufa, haƙora sun zube, amma bakin na nan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Jama'a, ruwan Sawakin ɗin nan kada a ƙara barin alhazanmu su sha." Aka yi dariya. Ban ji haushi ba, don yanzu na san yadda take a kunnen wanda ake yi wa.

Daga nan na wuce wajen Ya Kaltume. Tana gidan babban ɗansu, na same ta zaune gaban murhun banda tana juya kifi. Muka gaisa, ta yi mini barka da sauka, na ba ta dabino da zamzam. Sannan na ce, "Ya Kaltume, na gan shi da idona, na riƙe shi da hannuna. Duk abin da Alhaji ya faɗa haka yake, ko ɗigo bai ƙara ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mai-suna, wai sai da ka je har Sawakin?"

Na ce, "Ashe kin yarda da shi tun can?"

"Mutumin da in ya taka gonar wani a hanya sai ya koma ya faɗa wa mai ita? Me zai ci da ƙaryar kifi?"

"To me ya hana ki gaya masa? Ya mutu yana ganin ba mai yarda da shi a garin nan."

Ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta ce, "Kifin kogin nan kaf ya bi ya tambaya. Ni da ke cikin gidansa bai taɓa tambayata ba. Ni kuma na ɗauka ya sani."

Allah ya jiƙan Takwara, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya tashe shi cikin masu gaskiya. Ita kuma Allah ya haɗa su a inda za ta samu ta gaya masa. Amin.